Saƙonnin faɗakarwa a wayar salula: Wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar?

A tsakiyar shekara ta 2024 kamfanin Google ya rufe tsohuwar hanyar da masu manhajoji suka jima suna bi wajen aika saƙonnin faɗakarwa zuwa wayoyin Android, bayan wa'adin shekara guda da ya ɗiba musu domin su koma sabon tsari. Manhajojin da masu su suka yi sakaci ba su mutu ba. Ana buɗe su, ana shiga, komai na tafiya yadda aka saba. Abu ɗaya ne ya ɓace, wato wayar ta daina ƙara idan kuɗi sun shigo, ko wani labari ya ɓulla, ko lokacin ganin likita ya yi.

Wannan shi ne karo na uku tun daga 2015 da Google ke rufe wata hanya ta aika irin waɗannan saƙonni. Kamfanin Apple ma ya rufe tasa tsohuwar hanyar a ƙarshen watan Maris na 2021. A kowane karo bayanin da kamfanonin ke yi iri ɗaya ne: ƙarin tsaro, da sauƙin aiki, da tattalin batir. Akwai gaskiya a cikin wannan bayani. Sai dai kuma sauye-sauyen sun fito da wani abu fili, cewa kamfanoni biyu na Amurka ne ke riƙe da ƙofar da kusan dukkan saƙonnin faɗakarwa na duniya ke bi, in ban da na ƙasar Sin, kuma su ne ke tsara sharuɗɗan wucewa.

Hanyar da saƙo ke bi

Akasarin masu amfani da wayar salula na zaton cewa idan saƙon manhajar banki ya faɗo a fuskar waya, daga bankin ya taso kai tsaye. Lamarin ba haka yake ba.

Da zarar an saka manhaja a waya aka buɗe ta, takan nemi a yi mata rajista. Wayar za ta tuntuɓi manyan kwamfutocin Apple idan iPhone ce, ko na Google idan Android ce, su kuma su bayar da wata doguwar lamba da ta keɓanta da wannan manhaja a kan wannan waya kaɗai. Manhajar ta miƙa lambar ga kwamfutocin masu ita, su adana ta a gefen sunan mai wayar. Ranar da banki ke son sanar da shi wani abu, sai ya rubuta saƙon, ya haɗa shi da lambar, ya gabatar da shaidar cewa shi ne mai manhajar, sannan ya miƙa wa Apple ko Google. Su ne ke isarwa.

Lambar dai tamkar ta akwatin gidan waya ce, sai dai wannan gidan wayar na iya canza ta ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Takan canza idan an goge manhaja aka sake saka ta, ko an koma sabuwar waya. Idan manhajar ba ta sanar da masu ita sabuwar lambar ba, za su ci gaba da zuba wasiƙu a akwatin da babu mai buɗe shi.

Dalilin wannan zagaye kuwa shi ne batir. Da a ce kowace manhaja za ta riƙe nata layin da intanet dare da rana tana jiran saƙo, da wayar da ke ɗauke da manhajoji hamsin ba za ta kai azahar ba. Saboda haka aka tsara cewa waya ta riƙe layi ɗaya tak, duk saƙonni su biyo ta nan. Apple ya sanar da tsarinsa a watan Yunin 2008, ya yi alkawarin kawo shi a watan Satumba na wannan shekara, amma bai fito ba sai watan Yunin 2009. A lokacin girman saƙo bai wuce gurbin haruffan boko 256 ba, kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, haka ma haruffan Larabci, kowanne gurbi biyu yake ci. Daga baya an faɗaɗa gurbin har ya ninka sau 16.

Tarihin rushewa da sake gini

Google ya shigo fagen a 2010 da wani tsari mai suna C2DM. Bayan shekaru biyu ya maye gurbinsa da GCM, a 2016 kuma ya kawo FCM ƙarƙashin Firebase, wani kamfani da ya saya a 2014. An rufe C2DM a 2015, an rufe GCM a 2019, sannan aka rufe tsohuwar ƙofar FCM ɗin kanta a 2024. Ma'ana, duk wanda ya gina manhaja a 2011 kuma yake son ta ci gaba da magana, sai da ya sake taɓa wannan ɓangare na aikinsa aƙalla sau uku.

A ɓangaren Apple, sauyin da ya fi rikita masu gina manhajoji a farkon lamari shi ne na 2014, lokacin da iOS 8 ta fito. Kafin nan umarni ɗaya ne ke yin aiki biyu, neman izinin mai waya da karɓar lambar rajista. Apple ya raba su gida biyu. Duk wanda ya sabunta manhajarsa domin sabon tsarin amma ya bar tsohon umarnin a ciki, sai ya tarar ba a ba shi lamba, kuma babu wani abu da mai waya zai gani da zai nuna masa cewa akwai matsala. A 2016 aka sake sabon tsari tare da iOS 10.

Abin da ya faru a 2019 ya fi ban sha'awa, domin ya nuna yadda ƙaramin abu ke iya kayar da babban gini. Shekara da shekaru masu gina manhajoji da dama sun saba bin wata gajeriyar hanya wajen mayar da lambar rajistar iPhone zuwa rubutu: su nemi wayar ta bayyana lambar yadda ake nuna ta ga mai gwajin aiki, su share alamomin da ke gefe da guraben da ke tsakani, su aika abin da ya rage. Hanyar ba ta cikin abin da Apple ya ba da tabbaci a kai, amma tana aiki, kuma kowa na kwafa daga wajen ɗan'uwansa. Da iOS 13 ta fito, sai fasalin wannan bayani ya canza, aka ƙara wasu kalmomi a gaba, aka kuma datse tsakiyar lambar. Manhajojin da aka sabunta suka riƙa aika wa masu su tarkacen rubutu a matsayin lamba.

A nan laifin na ɓangarori biyu ne. Masu gini sun dogara da abin da ba a yi musu alkawarinsa ba. Shi kuma Apple ba zai ce bai san yawan waɗanda ke bin wannan hanya ba.

Hatta waɗanda suka nemi sauƙi ta hanyar miƙa aikin ga 'yan tsakiya ba su tsira ba. Kamfanin Parse, wanda ɗimbin ƙananan manhajoji suka dogara da shi wajen aika saƙonni, Facebook ya saye shi a 2013, ya sanar da rufe shi a watan Janairun 2016, ya kuma rufe shi bayan shekara guda.

Izinin mai waya

Sauyin da ya fi shafar talakan mai waya kai tsaye shi ne na watan Agustan 2022, lokacin da Android 13 ta fito. Tun farko iPhone na tambayar mutum ko ya yarda manhaja ta riƙa aiko masa da saƙo. A Android kuwa, duk manhajar da aka saka ta samu izini ke nan, sai dai mutum ya je ya kashe da kansa. Android 13 ta juya lamarin, ya zama sai an tambaya. Daga ƙarshen watan Agustan 2023 kuma kasuwar manhajoji ta Google Play ta wajabta wa duk sabuwar manhaja, da duk wadda za a sabunta, ta bi ƙa'idojin Android 13.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne ga masu waya, waɗanda manhajojin caca da na bashi da na talla suka hana sakat. Amma ya zo da wani tarko. Rajista daban, izini daban. Manhaja na iya karɓar lambarta lafiya lau, banki ya aika saƙo, Google ya karɓa ya isar, wayar kuma ta ƙi nuna shi saboda mai ita ya danna ƙin yarda watanni da suka wuce, mai yiwuwa ba tare da ya karanta tambayar ba. A littafin mai aikawa saƙo ya tafi. A wajen mai karɓa ba a aiko komai ba.

Damar yin tambayar ma ƙididdigagga ce. A iPhone sau ɗaya tambayar ke fitowa. A Android idan mutum ya ƙi sau biyu, ba a sake nuna masa. Daga nan sai ya shiga saitin waya ya nemo wurin da kansa, abin da mutane da yawa ba su san yadda ake yi ba. Wannan ne ya sa manyan kamfanoni suka ƙware wajen fara yi wa mutum tasu tambayar ta share fage, domin kada su ɓarnatar da dama ɗayar da suke da ita.

Wa ke biyan kuɗin sauyi?

Google ba ya karɓar ko sisi kan isar da saƙonnin, shi kuma Apple ya haɗa hidimar a cikin dala 99 da masu gina manhajoji ke biya duk shekara. Tsadar tana wajen ma'aikata. Manyan kamfanoni na da injiniyoyin da aikinsu shi ne bin diddigin sanarwar Apple da Google, kuma wa'adin shekara guda ya ishe su. Waɗanda ke shan wahala su ne asibiti, ko makaranta, ko gidan rediyo, ko hukumar gwamnati da ta ba ɗan kwangila aikin manhaja sau ɗaya, aka yi bikin ƙaddamarwa, aka watse. Sanarwar rufe tsohuwar hanya takan je ne ga adireshin wanda ya yi rajista, wanda ba mamaki ya daɗe da barin aikin. Ga kuma takardar shaidar aika saƙo ta Apple, wadda ke ƙarewa bayan kimanin shekara guda, duk da cewa tun 2016 kamfanin ya samar da wani mabuɗi da ba ya ƙarewa ga masu son komawa kansa.

A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar da Ghana, inda wayoyin Android ne suka mamaye kasuwa, lamarin ya wuce batun jin daɗi. Ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da dama zuwa karɓar kuɗi ta manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, kuma mai shago ba ya sakin kaya sai ya ga alat. A watan Mayun 2025 bankunan Najeriya suka ƙara kuɗin alat na saƙon tes daga Naira 4 zuwa Naira 6, bayan ƙarin kuɗin kiran waya da na data da hukumar sadarwa ta ƙasar ta amince da shi a farkon shekarar. Saƙon manhaja kuwa kyauta ne, don haka yana da jan hankali.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin kamfanonin biyu da ya taɓa ba da tabbacin cewa kowane saƙo zai isa. Idan waya ba ta kan intanet, ko don data ta ƙare ko don babu sabis, tsarin Apple kan ajiye saƙon ƙarshe ne kawai na kowace manhaja, na baya ya shafe na gabansa. Google kan ajiye saƙo har tsawon makonni huɗu, amma idan saƙonnin da ke jiran manhaja ɗaya suka haura 100, dukkansu ake zubarwa. Bugu da ƙari, wasu kamfanonin ƙera wayoyi kan ƙara nasu dabarun tattalin batir a kan na Android, waɗanda ke tsayar da manhaja gaba ɗaya idan an jima ba a buɗe ta ba, kuma manhajar da aka tsayar ta wannan hanya ba ta karɓar saƙo. Tsari ne da aka gina bisa zaton cewa waya na kan intanet kusan ko da yaushe, kuma wuta ba ta yankewa. Mai shagon da ke son tabbaci ba shi da abin dogaro illa ya buɗe manhajar ya duba abin da ke cikin asusunsa.

Idon hukuma

A ranar 6 ga watan Disamban 2023, ɗan majalisar dattawan Amurka Ron Wyden, mai wakiltar jihar Oregon, ya aika wa ma'aikatar shari'ar ƙasar wata wasiƙa wadda ta buɗe wani sabon babi. Ya ce ofishinsa ya samu labari tun a 2022 cewa hukumomin wasu ƙasashen waje na neman bayanan saƙonnin faɗakarwa daga Apple da Google, kuma kamfanonin sun shaida wa ma'aikatansa cewa gwamnatin Amurka ta hana su magana a kai. Ya nemi a sakar musu mara.

Wanda ya fahimci yadda rajistar ke aiki ba zai yi mamaki ba. Tun da kowane saƙo ta hannunsu yake bi, kamfanonin na iya sanin wace manhaja ce ta aika saƙo, yaushe, kuma zuwa wace waya. Idan masu manhajar ba su kulle rubutun ba, har abin da saƙon ya ƙunsa ana iya gani. Mafi muhimmanci ita ce lambar rajistar kanta. Mutum na iya shiga wata manhaja da sunan bogi, amma lambar da manhajar ta ajiye tana iya kai mai bincike ga asusunsa na Apple ko Google, inda galibi ake samun sunansa na gaskiya da lambar wayarsa.

Apple ya tabbatar da cewa an hana shi bayyana lamarin, kuma cikin 'yan kwanaki ya sauya ƙa'idarsa, ya ce daga yanzu sai da umarnin alƙali zai miƙa irin waɗannan bayanai a Amurka, matakin da ya kusanta shi da abin da Google ya ce yana yi tun da farko. A watan Fabrairun 2024 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa ta gano takardun kotu fiye da 130 a jihohi 14 da kuma birnin Washington, waɗanda masu bincike suka yi amfani da su wajen neman bayanan saƙonnin faɗakarwa. Wasu daga cikin shari'o'in na masu cin zarafin yara ne da waɗanda ake zargi da ta'addanci, kuma da wuya a samu mai jayayya da kama irin waɗannan. Damuwar masu kare haƙƙin bil'adama ita ce hanyar da ke gano mai laifi ita ce kuma za ta gano ɗan jarida ko ɗan adawa, ya danganta da gwamnatin da ke tambaya.

Wasu manhajoji sun nemi mafita. Signal, alal misali, ba ya saka rubutun saƙo a cikin abin da yake miƙa wa Apple ko Google. Yakan aika ɗan saƙon tayarwa ne kawai, wayar ta farka ta je ta ɗauko saƙon da kanta. Wannan na ɓoye abin da aka faɗa, amma ba ya ɓoye cewa an aika wani abu a lokaci kaza.

Siyasar ƙasa da ƙasa

Ƙofar da ke hannun kamfanonin Amurka na ƙarƙashin dokokin Amurka ne. A watan Mayun 2019 gwamnatin Donald Trump ta saka Huawei cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita hulɗa da su, kuma wayar Mate 30 da ta fito a watan Satumba na wannan shekara ba ta zo da hidimomin Google ba. Manhajojin da suka dogara da FCM suka yi shiru a kanta, har sai masu su sun sake wata rajistar ta daban da tsarin Huawei. A cikin ƙasar Sin kuwa, inda hidimomin Google ba sa aiki, Xiaomi da Oppo da Vivo da Huawei kowanne na da tasa hanyar, kuma mai manhaja sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya nuna cewa rashin mai riƙe da ƙofa ɗaya ma yana da nasa ciwon kan.

A 2017 Apple ya cire manhajojin Iran da dama daga kasuwarsa saboda takunkumi. A watan Afrilun 2022, bayan mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine, aka cire manhajar Sberbank, banki mafi girma a Rasha, daga kasuwannin Apple da Google. Wanda ya rasa rajistarsa da Apple ba shi da hanyar samun shaidar aika saƙo zuwa manhajarsa a kan iPhone.

Sai kuma wani sabon salo da ya ɓullo a ƙarshen 2024, inda mai riƙe da ƙofa ya fara taɓa saƙon kansa. Apple ya kawo tsarin da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen taƙaita saƙonnin da suka taru. A watan Disamban shekarar kafar BBC ta kai ƙara ga kamfanin, bayan tsarin ya taƙaita wani kanun labarinta da cewa Luigi Mangione, wanda ake tuhuma da kashe shugaban wani kamfanin inshorar lafiya a New York, ya harbe kansa, alhali hakan bai faru ba. Labarin ƙaryar ya fito ne ɗauke da tambarin kafar. A watan Janairun 2025 Apple ya dakatar da taƙaita saƙonnin manhajojin labarai na wani lokaci.

Hanyoyin kauce wa kamfanonin biyu kaɗan ne. Tun watan Maris na 2023 shafukan intanet na iya aika saƙon faɗakarwa zuwa iPhone idan mai waya ya ajiye shafin a fuskar wayarsa, amma saƙon ta kwamfutocin Apple yake bi, kamar yadda na burauzar Chrome ke bi ta na Google. A Android akwai tsarin UnifiedPush da masu rajin buɗaɗɗiyar manhaja suka samar, wanda ke bai wa mutum damar zaɓar mai isar masa da saƙo, sai dai manhajojin da suka rungume shi ba su da yawa, kuma babu irinsa a iPhone. Signal kan riƙe nasa layin a wayar da ba ta da hidimomin Google, batir kuma shi ke ji a jikinsa.

A halin da ake ciki sauye-sauyen sun zama na shekara-shekara. Google Play kan ɗaga mizanin da manhajoji za su cika a kowane ƙarshen watan Agusta, Apple kuma kan fitar da sabuwar babbar manhajar iPhone a kowane watan Satumba. Tun 2024 kuma Google ke soke lambar rajistar da ta yi kwanaki 270 wayarta ta Android ba ta haɗu da kwamfutocinsa ba.